Bindigar da Ba Ta da Kafar Wuta

Ku matso kusa. Ke Barira, janyo ƙofar nan, kar Inna ta ji. Abin da zan gaya muku ba tatsuniya ba ce. In kuma wata ta kai shi waje, zan ce ban san zancen ba.

A Tungar Madugu akwai wani gida, gidan Jatau. Shi Jataun ya daɗe da mutuwa, ko tsofaffin gidan ba su gan shi ba. Madugu ne, mai jan ayarin fatake zuwa Gwanja sayo goro. Bai bar wata dukiya ba. Abin da ya bari bindigogi ne guda uku, 'yan gajeru, na hannu, kowacce ba ta kai kamu ɗaya ba. Irin na da ɗin nan, masu ɗan dutsen ƙyastu a ka. In aka jera su sai ka rantse maƙeri ɗaya ne ya yi su a rana ɗaya.

A gidan nan namiji ba ya riƙe su. Jatau ne ya hana, wai namiji in ya ɗauki bindiga sai ya so ya ji ƙararta. 'Ya mace ake ba wa. Ita ce mai ajiya. Ita kaɗai ta san wacce ce wacce, da inda kowacce ta fito. Duk inda aure ya kai ta, da su take tafiya. Shekara-shekara, ranar Cika-ciki, sai dangi su taru, ta shimfiɗa su a kan tabarma, ta ɗaga ta farko ta faɗi sunanta, ta ɗaga ta biyu ta faɗi sunanta. Ta ukun ba ta cewa komai. Ɗagawa take ta ajiye.

A lokacin da nake ba ku labari, mai ajiya ita ce Gwaggo Hakama, ƙanwar kakan gidan. Ta tsufa, mijinta ya rasu, ta dawo gida da ƙunshinta. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Sai ta ce a Cika-cikin bana za ta miƙa wa wata.

To akwai Sahura.

Sahura jikar gidan ce, shekararta sha bakwai. Tun tana 'yar shekara bakwai ita ke ɗebo wa Gwaggo ruwa. Ita ke wanke mata zani, ita ke goga mata goro a magogi tunda haƙora sun zube. Ƙunshin bindigogin nan yana ƙarƙashin gadon Gwaggo, Sahura ta yi shekara goma tana share gefensa, ba ta taɓa kai hannu ba. Kowa a gidan ya ɗauka ita ce. Ita ma haka ta ɗauka.

Sai aka kawo Huwaila.

'Yar ƙanin babanta ce, uban ya rasu a birni aka dawo da ita. Sahura ta girme ta da shekara guda. Wata irin yarinya ce mai sanyin jiki, komai dariya. In ta ɗora tuwo sai ya kama. In aka aike ta sai ta tsaya kallon 'yan awaki. Ko zaginta ka yi, anjima kaɗan ta manta, ta zo ta zauna kusa da kai.

Ita Gwaggo ta kira.

Kullum bayan la'asar sai a ji muryar tsohuwa, "Huwaila, zo ki rufo ƙofa." Sahura tana tsakar gida da tsintsiya a hannu. Ba a ce mata zo ba, ba a ce mata tafi ba.

Ranar farko ta ce wa kanta ai ba komai. Rana ta biyu ba ta ci abincin dare ba. Rana ta uku ta zagaya bayan ɗakin, inda katanga ta tsage, ta manna ido.

Ba ta ganin abin kirki. Duhu ne a ciki, ga Gwaggo ƙasa-ƙasa take magana. Abu ɗaya kawai take ji kullum, tun kafin a kwance ƙunshin.

"Hannu tukuna, Huwaila. Hannu tukuna."

Sai ta ga Huwaila ta tsoma hannu a ƙoƙon man kaɗanya, ta mulke tafin, ta mulke tsakanin yatsu, sannan ta taɓa ƙarfe. Sahura ta ce a ranta, wannan ai don kar gumi ya sa su tsatsa ne. Ko yaro ya san wannan. Ta taɓe baki.

Wata rana ta kasa daurewa. Tana goga goro, ta ce, "Gwaggo, ni me na yi?"

"Me kika yi kuwa?"

"Shekara goma ina ɗakin nan."

"Na sani. Goron ya yi laushi, bar shi haka."

"Wadda ko wuta ba ta iya hurawa ba."

Gwaggo ta karɓi goron ta zuba a baki. Ta daɗe tana mamula. "Ba wuta za ta hura ba ai," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

Abin ya yi ta cin Sahura. In Huwaila ta yi dariya, sai ta ji da ita take. In aka yaba wa Huwaila sabon ɗankwali, sai ta shige ɗaki. Har kallon hannun Huwaila take, yadda yake sheƙi da mai, ta ji kamar ta kama ta cije shi.

Saura kwana biyu Cika-ciki, dabara ta zo mata.

A ƙauyen gaba akwai wani tsohon maƙeri, Sallau, wanda aka ce ba ƙarfen da zai riƙe bai faɗi asalinsa ba. Za ta kai masa su. Ya nuna mata wacce ce wacce, ya gaya mata har abin da Gwaggo ba ta sani ba. Ranar taro, in Huwaila ta fara in'ina, ita sai ta buɗe baki a gaban kowa. A ga wadda ta dace.

Da safen ranar da za ta tafi, Huwaila ta same ta a gindin turmi.

"Yaya, kanki fa ya tsufa. Zo in tsefe miki, sallar nan kar ki ba mu kunya."

"Ba na so."

"Kina so mana. Zauna."

Ta zauna, don kar a gane akwai wani abu a ranta. Huwaila ta yi mata kitso ƙanana, tana ta surutu. Da ta gama sai ta kwaso man kaɗanya cike da hannu ta shiga cusa mata a tsagar kai.

"Ke, ya isa. Kin mayar min da kai kaskon suya."

"Kanki ne ya bushe kamar bayan tukunya. Bari in ƙara."

"Man Gwaggon ne ya yi miki yawa, shi ya sa kike ɓarna da shi."

Huwaila ta yi dariya, ba ta ma gane da magana a ciki ba. Ta ƙara lafta mata wani.

Rana ta take tsaka. Bazara ce, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa. Maza suna rumfa, mata sun shige ɗaka, Gwaggo ta yi barcinta na rana baki buɗe. Sahura ta wanke hannu tas da sabulu, don kada ƙunshin ya yi maiƙo a gane. Ta shiga a kan yatsun ƙafa. Ta janyo shi. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta sa a kwando, ta rufa da ganyen rama, ta fita ta ƙofar baya.

Hanya biyu ce zuwa wajen Sallau. Ta bakin gonaki doguwa ce, kuma za a gan ta. Ɗayar ta tsohon zango ce, inda fatake ke sauka a zamanin Jatau. Ba mai bin ta. Ba a cewa me ya sa, ba a bi dai.

Ta bi.

Da farko akwai kukan kurciya. Can sai ta lura babu. Babu ƙuda. Babu iska. Sawunta kawai take ji, da bindigogin suna ɗan gogar juna a cikin kwando.

Zangon fili ne, sai duwatsun murhu baƙaƙe a warwatse, da wata rijiya da ta rufta. A kan dutse ɗaya wani mutum yana zaune. A rana. Ga inuwar marke can gefe, bai shiga ba.

Tsoho ne, siriri, da malfa da tsohuwar riga mai launin ƙasa. Yana murza igiya a cinyarsa.

Ta yi sallama. Bai amsa ba. Sai ya ce, "Jikar Jatau. Kin sha rana."

Ta tsaya cak. Bakinsa ta gani yana motsi a gabanta. Amma muryar daga bayanta ta fito, daidai ƙeya.

Ta waiga. Ba kowa.

"Zafi ne," ta ce wa kanta. "Zafi ne ya taɓa min kunne."

"Tsaya daga nan," ya ce, ya ɗan kau da hanci. "Kanki yana wari."

Kunya ta kama ta. Ta tsine wa Huwaila a ranta.

"Wajen Sallau za ki. Sallau bai san su ba. Ƙusa da fartanya ya sani. Ni na san su."

"Baba, rama ce a kwandon."

"Ramar da take ƙara. Sauke."

Da ta gudu a nan, da shi ke nan. Amma ya ce ya san su. Ta tuna fuskar Huwaila a ɗakin Gwaggo, ƙofa a rufe. Ta sauke.

"Mu ga hannunki."

Ta buɗe tafukan. A bushe, fari fat da sabulu. Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi murmushi, bai buɗe baki ba.

"Madalla. Kwance."

Fatar akuya ce a waje, sai saƙi, sai wani jan ƙyalle. Ta kwance. Ga su nan su uku a rana, kai ɗaya, tsawo ɗaya.

"Ɗauki ta dama. Juya ta. Me kika gani a ƙarƙashin bututun?"

"Wani ɗan tambari. Kamar kifi."

"Ja tsinken da ake ɗura mata albarushi."

Ta ja. Ya ƙi fitowa. "Ya maƙale."

"Bai maƙale ba. Na ado ne, a jiki aka ƙera shi. Masu irin wannan a ɗamara suke rataya tsinkensu daban. Wayar da ke ƙotar azurfa ce, ta yi baƙi ne kawai. Ta hamada ta zo, a bayan raƙumi. Jatau ya same ta hannun wani Balarabe a Kano. 'Yar Tarabulus ke nan."

Daɗi ya kama Sahura. Sunan da Gwaggo ke faɗa ke nan ranar taro. Amma ba ta taɓa jin zancen kifi ba, ko na tsinke.

"Ajiye. Ɗauki ta tsakiya. Kar ki duba, ido ba ya gani. Bi bututun da farce."

Ta bi. Farcen ya ɗan tuntuɓe.

"Kin ji ɗinkin? Ƙarfe aka naɗe aka haɗa bakinsa a wuta. Maƙerin hanya ne ya kwaikwayi ta farkon, a wani zango kusa da Kwara. Ƙotar kirya ce. Ƙusoshinta ba su yi daidai da juna ba. Ta fi nauyi a baki. 'Yar Gida ke nan. Sau biyu aka harba ta, duk kura aka kora."

"Gwaggo ta san wannan?"

"Rabin abin kawai ta sani."

"Huwaila fa?"

"Wace ce Huwaila?"

Muryar ta matso. Yanzu kamar a cikin kitsonta take.

Sahura ta sunkuyar da kai, a nan ta ga ƙafafunsa. Yana sanye da faɗe, irin takalmin fatake. Ta duba ƙafa ɗaya. Ta duba ɗayar. Babban yatsa yana gefe guda a duka biyun.

Duk na hagu ne.

Ta nemi inuwarsa. Rana tana tsakar ka, ita ma tata inuwar tana ƙarƙashin ƙafarta. Ba yadda za ta gane.

Ta so ta yi addu'a, ta nemi farkonta ta rasa.

"Saura ɗaya," ya ce. "Wadda tsohuwa ba ta faɗin sunanta. Ko za ki koma da biyu? Yarinyar can uku aka koya mata."

Ku ji fa. Ta ga ƙafafun. Ta san ko mene ne. Amma da ya ce yarinyar can uku aka koya mata, sai ta kai hannu.

Sanyi. A cikin wannan ranar, ƙarfen sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga randa.

"Nemi tambari."

"Babu."

"Nemi ɗinki."

"Babu."

"Duba gefe, inda dutsen ke ƙyastawa. Sauran biyun suna da 'yar kafa, inda wuta ke bi ta shiga ciki. Nemo tata."

Ta duba. Ta juya. Ƙarfen sumul yake.

"Ba ta da kafar wuta," ta ce. "To ai ba za ta tashi ba."

"Ba albarushi take ci ba."

Ya ajiye igiyar da yake murzawa.

"Tawa ce. A nan na ba kakanku, a kan dutsen nan. Yana da wa, shi ma madugu, ayarinsa ya fi na Jatau jakuna. Abin yana cin Jatau. Ya zauna yana kallon wutar wansa daga nesa, sai na zo na zauna kusa da shi. Na ce ga wannan, ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta barin rauni. Ka riƙe, ka kira suna, ko yana bayan duwatsu bakwai. Ya karɓa. Sai ya je ya yi nadama, bai harba ba." Ya girgiza kai. "Ni kuma ba na karɓar kayana da ciki a cike. Tun ranar nake jira."

Sahura ta yi ƙoƙarin buɗe hannu ta yar.

Hannun bai buɗe ba.

Ta yarfa. Ta sa ɗayan hannun ta ja. Ƙotar ta manne da tafinta kamar tare aka halicce su. Yatsanta manuni ya lanƙwashe da kansa, ya shiga ya kwanta a kan kunamar bindigar, inda ake ja a harba.

"Baba, don Allah."

"Ban sa ki komai ba. Tambaya kawai nake. Wa ya share ɗakin shekara goma?"

Ta sake jan ƙotar da ɗayan hannun.

"Wa?"

"Ni."

"Wa aka kira?"

Ta datse haƙora.

"Jibi za a taru. Za ta zauna a tsakiyar tabarma. Ke kina can baya kina raba tuwo. In ta yi aure ta tafi da su, 'ya'yanta su yi ta faɗa, uwarmu ce mai ajiya. Ke wa zai tuna? In kuwa babu ita, ai dole tsohuwa ta waiwayo. Ba mai sani. Za a ce zafi ne ya kayar da ita."

Abin tsoron, duk abin da ya faɗa, ta riga ta faɗa wa kanta a kan shimfiɗa. Har muryar ta fara kama da tata.

Hannun ya ɗaga da kansa. Bakin bindigar ya juya a hankali, ya fuskanci Tungar Madugu.

"Wa aka kira, jikar Jatau?"

Sunan ya taho. Ta ji shi a maƙogwaro, ta ji shi a kan harshe. Wani ɓangare na zuciyarta yana so. Kar in yi muku ƙarya, yana so.

"Hu..." ta ce.

Yatsan ya fara matsawa.

Sai wani abu mai ɗumi ya gangaro mata daga kai. Ya bi goshi, ya shiga ido, ya sauka gefen baki. Man kaɗanya. Rana ta narkar da shi, yana ta zuba ta wuya, ta bayan kunne.

Hannu tukuna, Huwaila. Hannu tukuna.

Ashe ba don tsatsa ba ne.

Ta cusa hannun hagu cikin kitso ta kwaso. Ta shafa a wuyan hannun dama, ta tura tsakanin yatsu, ta sake kwasowa.

"Bari wannan," ya ce. Muryar ta bar ƙeya, ta koma ko'ina. "Ƙarasa sunan."

Ta tura man ƙarƙashin tafin. Ƙotar ta motsa. Ta sulɓe kaɗan. Amma bakinta ya riga ya buɗe, sauran sunan ya fice kamar numfashi, "...waila," daidai lokacin da ta bugi bututun gefe da hannun hagu.

Ƙyas.

Shi ke nan ƙarar. Kamar an karya tsinken tsintsiya.

Bindigar ta faɗi a ƙasa.

Tsohon ya karkata kai kamar mai sauraren abu daga nesa. Ya daɗe a haka. Sai ya yi tsaki.

"Kin kauce. Kunne kawai."

Ba ta tsaya ba. Ta mulke hannu biyu da man kanta, ta tattara su ukun cikin fatar, ta rungume, ta bar kwandon da ramar a nan. Tana gudu, muryar tana bin ƙeyarta, ba ta ɗaga ba, ba ta yi fushi ba.

"Har yanzu da saura a cikinta. Ina nan. Ba na sauri."

Sai da ta ji kukan kurciya sannan ta san ta fita.

Ta ƙofar baya ta shiga. Ba wanda ya gan ta, don duk gidan yana tsakar gida an yi cincirindo. Ta tura ƙunshin ƙarƙashin gado, ta fito.

Huwaila ce a zaune a ƙasa kusa da turmi, ta dafe kunnen hagu. Ba jini. Ba kumburi.

"Ina tankaɗe ne," take cewa, "sai na ji kamar an hura min iska mai sanyi. Shi ke nan ya toshe. Ku yi magana ta nan in ji."

Aka yi. Ba ta ji ba.

Ta hango Sahura, sai ta yi 'yar dariya. "Yaya, ina kika shiga? Dubi kitson da na sha wahala, har kin hargitsa shi."

Sahura ta ɓoye hannunta na dama a cikin zani.

Aka kai ta asibiti washegari, aka haska, aka ce ba a ga komai ba. Aka yi rubutu, aka ɗiga miski. Kunnen bai dawo ba. Har yau.

Daren ranar da abin ya faru, bayan isha, Sahura ta kai wa Gwaggo goro. Tsohuwa ba ta karɓi goron ba. Hannun ta kama. Ta bi yatsu ɗaya-ɗaya har ta zo kan manunin. A lanƙwashe yake, sanyi ƙalau.

Ta janyo ƙoƙon mai ta tsoma shi a ciki. Ta riƙe shi a nan.

"An ɗaure ƙunshin da ƙullin da ba nawa ba," ta ce.

"Gwaggo..."

"Ta ukun nan, an taɓa jefa ta rijiya, da safe aka gan ta cikin 'yan'uwanta. An binne ta, ta dawo. Ba a rabuwa da ita. Sai dai a ba wadda ba ta riƙe kowa a rai. Ko man ya ƙare, ko ta manta, ba ta da sunan da za ta kira." Ta saki numfashi. "Ke kin fi ta komai. Kin fi ta aiki, kin fi ta kai. Amma ba kya mantuwa, Sahura. Tun kina ƙarama, in aka ba wani tsoka ta fi taki, sai ki kwana da abin."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Da na gaya miki akwai irin wannan a ƙarƙashin gadona, da kin yi barci?"

Sahura ta fara kuka, ƙasa-ƙasa. "Ki yafe min."

"Ba kunnena ba ne."

Ranar Cika-ciki aka taru. Aka shimfiɗa tabarma. Huwaila ta zauna a tsakiya, ta shafa mai, ta karkatar da kai gefe don ta ji Gwaggo. Ta ɗaga ta farko, ta yi ɗan jim, ta ce 'Yar Tarabulus. Ta ɗaga ta biyu, har ta kusa ɗaukar ta ukun, ta yi dariya ta gyara, ta ce 'Yar Gida. Ta ɗaga ta uku ta ajiye.

Wani kawunsu ya ce, "Wai ni ta yaya ake bambance su? Ni duk ɗaya nake gani."

Huwaila ta ce, "Ni ma dai da ƙyar, Kawu."

Sahura tana baya da kwanon tuwo. Ta san kifin. Ta san tsinken ado. Ta san ɗinkin, da kiryar, da kurayen nan biyu. Duk dangin Jatau, na raye da na mace, ba wanda ya san bindigogin nan kamarta. In ta buɗe baki za a ce, wa ya koya miki?

Ta ci gaba da raba tuwo.

Kar ku ɗauka abin ya bar ta. Bai bar ta ba. Da aka yi guɗa aka yafa wa Huwaila jan ƙyallen a kafaɗa, sai da ta ji abin ya taso mata. A take yatsan ya motsa. Da kansa. Ya ɗan matsa iska, kamar akwai kunamar bindiga a wurin. Ta ajiye kwanon ta ruga ɗaki ta tsoma shi a mai.

Haka take har yanzu. Duk inda za ta, da ɗan gwangwanin man kaɗanya a ƙugunta.

Kuma duk Juma'a Huwaila tana yi mata kitso. In an gama sai su juya, Huwaila ta zauna tsakanin gwiwoyinta. Sahura tana tsefewa, sai ta sunkuya daidai kunnen hagu, ta ce a hankali, "Ni ce. Ni na yi miki."

Huwaila ta ji ɗumin numfashi, ta juyo da ɗaya kunnen. "Me kika ce, Yaya?"

"Na ce ki daina motsi."

Kullum tana cewa Juma'a mai zuwa ta kunnen dama za ta faɗa.

To kun ji. Hanyar tsohon zango, ba a bin ta. Da rana tsaka ma ta fi muni, don ba inuwar da za ki duba. In kuwa kin san akwai wadda kike jin zafinta a rai, ko 'yar'uwa, ko ƙawa, to ko ku goma ne kar ki bi. Yana nan a kan dutsen. Ya ce ba ya sauri.

Ku je ku kwanta, ku yi addu'a. Ke Barira, kafin ki tashi, miƙo min gwangwanin can. Hannuna ya bushe.